Katin da Baba Yohanna Ya Ɓoye a Durowa

Baba Yohanna ya rasu.

Da safen nan Malam Sani tela, maƙwabcin shagonsa a unguwar Nasarawa, ya kira ni. Ya ce kwana biyu shagon na rufe, sai jiya mai gidan da yake haya ya sa aka ɓalle ƙofar ɗakinsa. Shi kaɗai aka tarar a ciki.

Tun da na ajiye wayar ban iya taɓa aikin kowa ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne tsohon nan mai gyaran kwamfuta, mai tabarau ɗaure da zare. A masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, da aka rufe ta ya koyi gyara da furfurarsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda kuma yana Fatakwal.

Ni kuwa kun san ni, buga takardu nake yi a Narayi da wata kwamfuta da ta girmi autata. Kusan kowane mako sai na rungume ta a keken haya na kai masa. Kafin ya taɓa sukurdireba sai ya aika an sayo mini kunun zaki, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Aikin minti ashirin yakan ci mana awa biyu, ina ta duba agogo, shi ko a jikinsa.

Bara ƙanena ya sayo mini SSD, sabuwar ma'ajiyar nan da ake cewa tana sa kwamfuta gudu. Aka sa, ta yi dama-dama. Amma da na buɗe manyan fayilolin ɗalibai sai ta koma tafiyar hawainiya. Na je wa Baba da faɗa, wai an cuci yaron.

Ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Maman Ladi, ba a cuce shi ba. Tankinki sabo ne, bututun ne siriri."

Ashe wurin da aka jona ta na tsohon yayi ne, ba zai iya ɗaukar saurinta ba. Sai an soka wani ɗan kati a cikin injin, kwantirola, a jona ma'ajiyar a kansa. Ya ce zai nemo.

Mako ɗaya, bai iso ba. Mako biyu, bai iso ba. Ni kuma ina ta zarya, ina mita.

A na uku ya zaunar da ni a benci. Baba yana da wata ɗabi'a: ba ya yarda ya ce maka aiki ya yi kyau, sai ka ƙirga da bakinka. Ya sa aka kwafi babban fayil, na ƙirga da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya, har sittin da biyu. Ya sa katin, ya ɗaure, muka sake. Talatin da huɗu.

Na yi tsalle, na tafa. Shi bai yi dariya ba.

Ya ce, "Bari in faɗi laifina. Katin nan tun makon farko yana cikin durowata."

"Haba Baba! Me ya sa?"

"In na sa miki, me zai ƙara kawo ki?"

Na ƙyalƙyale da dariya, na ce ai zumunci a ƙafa yake, ko injin bai lalace ba zan zo. Ya taya ni ɗaukarta har bakin titi, ya tsayar mini da keke.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Wata takwas.

Ya yi aikin da kyau, abin da ya jawo ke nan. Kwamfutar ba ta ƙara ba ni dalili ba, ni kuma ban nemi wani dalilin ba. Daga Narayi zuwa Nasarawa ba tafiya ba ce. Kunya nake ji, wallahi kunya nake ji.

Sau ɗaya ya kira ni, wajen bikin Ista.

"Injin yana lafiya?"

"Lafiya lau Baba, ina da kwastoma, zan kira ka."

"To. Ko tari ya yi, ki kawo shi."

Ban kira ba.

Yanzu ina zaune a shago, na jawo ƙofa. Babu wanda zai sake ce mini in zauna tukuna in huta kafin a yi maganar aiki.

Ranar Asabar da safe za a kai shi ƙauyensu, wajen Zonkwa. Na tambayi Malam Sani su wa za su raka shi. Ya ce shi ne, da ɗan marigayin, da direba.

Na ce ya ƙara da ni.

Ina roƙonku, duk wanda Baba ya taɓa tayar masa da tsohon inji a Nasarawa, Tudun Wada ko Narayi, akwai wuri a motar. Ya mutu shi kaɗai, kada ya tafi gida shi kaɗai.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Yohanna, ka ba shi hutawa inda babu kaɗaici. Ka ta'azantar da ɗansa, ni kuma ka gafarta mini. Kirista da Musulmi, kowa ya sa shi a addu'a yadda ya saba. Amin.