Mai Alawa Bai Bugu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha bakwai ga Fabrairu, da la'asar, Allah Ya karɓi ranka a gadon asibiti, Yaya Mai Alawa, bayan an ɗauke ka a sume daga kujerar bas ɗinka. Tun ba a kai ka makwanci ba wasu suka fara yaɗa cewa a buge kake tuƙi. Ni da ka koya wa riƙe sitiyari ba zan ji wannan ƙazafi in yi shiru ba.

Ciwon suga gare ka, kana allura, kuma ba ka taɓa ɓoyewa ba. Kafin ka tayar da mota sai ka soki yatsa ka duba. Aljihun gaban motarka kullum cike yake da alawa, har ta zame maka suna a gareji. Da ka ji hannu na rawa, gumi na keto maka, sai ka gangara gefen titi, ka zare makulli, ka tsotsi alawa, ka jira idonka ya washe. Fasinja su yi ta tsaki, kai ko a jikinka. "Gara ku zage ni da ranku," kake ce musu.

Ranar da likita ya ce ni ma ina da ciwon, kuka na yi a bayan gareji, ina ganin aikina ya ƙare. Ka danƙa min rabin alawarka, ka ce, "Share hawayenka, ƙanena. Mai taurin kai ne bai kamata ya yi tuƙi ba."

Sai sabon manaja ya hana ajiye abin ci a mota, wai yana kawo kyankyasai. Masu wankin mota suka kwashe aljihun nan, ba wanda ya gaya maka. Abin ya taso maka a gangaren gada, mota maƙare da mutane. Ka yi yadda ka saba: ka tsaya, ka ja birki, ka kashe. Ka buɗe aljihu, wayam. Harshenka ya karye, kana ta cewa suga, fasinja suka ɗauka maye ne. Suka sauka suna tsine maka, suka tare wata motar. Dukansu sun kwana a gidajensu, Yaya. Ko ɗaya bai yi ƙwarzane ba.

Raina a ɓace yake, ba kuma zan ɓoye ba. Na zuba alawa a aljihun kowace bas ta garejinmu. Manaja ya ce in kwashe ko in ajiye makulli. Na ce ya zo ya karɓa da hannunsa, a gaban direbobi. Har yau bai zo ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri. Ku ɗaga kanku, yara. Mahaifinku bai bugu ba, tsayawa ya yi.