Fitilar Arfa a kan murjani

Faɗanmu da Rabe a kan murjani ne. Na kai masa tuwo gidan alhazan da yake gadi a unguwar Aziziyya ta Makka, na tarar yana goge wani ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, ga wasu rassa ja da kore a ciki, shuɗiyar fitila na rataye a kansu.

"Inna, murjani ne. Yana da rai."

Na ce, "Kai Rabe, ban yi boko ba, amma da murjani a wuya aka kai ni ɗakin miji. Dutse ne. In yana da rai, ce masa ya gaishe ni."

"Wallahi yana ci. Haske ne abincinsa."

"To ku ci tare."

Kwana uku bai kula ni ba.

Mutumin Maraɗi ne. Gini ya kawo shi Makka, ya faɗo daga bene bayansa ya lalace, sai mai gidan nan ya ɗauke shi gadi, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta koma hannun mai gidan. Shekara goma sha shida yana bakin ƙofar nan. Matarsa ta rasu a nan, ta bar masa 'ya ɗaya, Salwa, wadda Larabci kaɗai ke bakinta. Ɗakinsu na jikin nawa a unguwar Zahir.

Mai gidan ya fi ji da akwatin nan a kan 'ya'yansa. Ya yi tafiya ana gab da aikin hajji, sai fitilar ta mutu. Rabe ya neme shi a waya bai samu ba. Aka ce irinta sai Jidda, shi kuwa ba halin barin ƙofa. Sai ya aro wata ƙatuwar farar fitila wurin abokinsa mai aiki a Arfa, irin wadda ake haska tantuna da ita, ya kafa ta dab da ruwan, bai ƙara kashewa ba. Wai kada abin ya zauna da yunwa.

Bayan mako biyu ya zo min baki har kunne.

"Inna, zo ki gani! Ya wanku, ya yi fari fat kamar mai harami. Alhazai har hoto suke ɗauka."

Na je. Na tsoma yatsa, ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri, wani ƙarni na tashi. Na ce, "Ɗana, matan da na yi wa wankan gawa a garin nan sun fi ɗari. Na san farin nan."

Ya yi dariya, wai bakina bai iya faɗin alheri ba.

Bayan Sallah mai gida ya dawo. Rabe ya ce ko murya bai ɗaga ba. Ya tsaya ya kalli akwatin, ya ce, "Halas," wato an gama. Kafin mako ya buga masa takardar fita ba dawowa, shi da yarinyar.

Sau biyu na je roƙon mutumin da guntun Larabcina. Ya ba ni shayi, ya sa aka raka ni ƙofa.

Ranar tafiya Salwa ta riƙe gyalena tana tambaya ko Maraɗi na da nisa da Harami. Rabe na tsugune a kan jaka, ya kasa miƙewa.

"Inna, ni fa taimakonsa na yi."

Na ce, "Na sani. Tashi, mota na jira. Ka fara koya mata Hausa tun a hanya, can ba mai fassara mata."