Wa ya nuna ɗakin gawayi?

A azumin 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar Gana. A Zongon Kumasi kuwa ba mai iya ce maka ga baƙo ga ɗan ƙasa. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi daga arewa, aka haifi Mma, mahaifiyarmu, a nan, aka haife mu a nan, babanmu kuma yana kwance a maƙabartar Tafo. Duk da haka, da mota ta tsaya a bakin layinmu sai kowa ya yi tsit.

Ni a lokacin budurwa ce, ina taya Mma sayar da koko da ƙosai. Mu uku ne a ɗaki, ita da ni da Yaya. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, har gemu ya tara, ga ƙarfi, amma kansa ba ya ɗaukar abu da yawa. Malamai sun gwada sun haƙura, Fatiha kaɗai ta zauna masa. Aikinsa a rumfar wani Alhaji mai goro, yana jiƙa ganye, ya ɗaure huhu, ya ɗora wa mota. Bai san bambancin sirri da labari ba. In kuma ka matsa masa da tambaya sai ya ce maka "eh", don ku rabu lafiya.

A gidan hayar da muke akwai wani mahauci mutumin Nijar. Ya sa matarsa da yara a mota suka koma Nijar, shi ya tsaya ya ƙarasa sayar da dabbobinsa, wa'adin da gwamnati ta bayar ya wuce yana nan. Sai ya kulle ɗakinsa ya koma ɗakin gawayi a bayan madafa. Duk gidan an sani. Yaya ne ma Mma ke ba kwanon buɗa-baki ya miƙa masa.

Wata rana da hantsi 'yan sanda suka shigo. Ba su tambayi kowa ba, ba su leƙa ɗakin kowa ba, kai tsaye suka wuce ɗakin gawayi suka fito da shi, rigarsa duk baƙi. A cikinsu akwai wani da ke sayen ƙosai a wurinmu, mai yawan wasa da Yaya. Da za su fita Yaya ya ɗaga masa hannu yana dariya. Kowa ya gani.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Na je famfo, matan da ke hira suka yi shiru suna kallon bokitansu. Washegari Alhaji mai goro ya ce wa Yaya ya je gida ya huta, za a neme shi. A masallaci ma aka fara barin fili tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Shi da kansa ya ba mu labarin, wai yanzu yana samun wuri da yawa.

Mai gidan hayarmu ya yi sallama a ƙofarmu, ya ƙi zama.

"Mma, ni shawara na kawo. Ki riƙa kulle yaron nan. In ba za ki iya ba, ga motoci na tafiya, ki haɗa shi da wani. Can ƙauye ba wanda bakinsa zai cuta."

Mma ta ce, "Wane ƙauye, Baba? Ka san ƙauyensa ne ka nuna min?"

"Ni dai na faɗa."

Da ya tafi ta rage murya ta ce min ita ta ga ƙanen matar mai gidan yana zagaya ƙofar mahauci tun kafin a kama shi. Ni kuma hankalina ya fi tafiya kan matar wani tela da ke gidan, wadda ta taɓa yin cacar baki da matar mahauci a kan murhu. Haka muka zama a gidan, ana gaisawa da safe, kowa na lura da ƙafar kowa.

Na samu Yaya a inuwar bango yana tsinke ganye, na tsuguna.

"Yaya, kai ka gaya wa ɗan sandan nan inda mahauci yake?"

"Eh."

Na ce, "Ko dai ba ka gaya masa ba?"

"Eh."

"To me ka ce masa?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na ce masa ƙosai ya yi zafi."

Kullum da safe sai ya sa rigar aiki ya tafi, ya zauna a tsallaken titi yana kallon rumfar goro, wai ko yau ne za a neme shi.

Bayan ƙaramar sallah mai unguwa ya aiko cewa wani jami'i zai zo, duk namijin da aka haifa a nan ya hallara, dattawa su shaide shi. Mai gidanmu ya ce wa Mma ba sai ta wahalar da kanta ba, ba a sa irin Yaya a lissafi. Ranar Mma ta sa Yaya ya yi wanka, ya sa rigarsa ta sallah, ta ɗauki mayafi, na bi su a baya.

Mata ba sa shiga zauren mai unguwa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tura shi ciki. Na ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, "Wannan zai ja mana." Wani kuma ya miƙe zai fito da shi.

Mma ta ɗaga murya. "A bar shi. Namiji aka ce, haifaffen nan aka ce. Wanne ne bai cika ba?"

Jami'in, Ba'asante ne, ya dubi Yaya ya tambaye shi da yarensu na Twi daga ina yake. Yaya ya waiwayo ya kalli Mma. Ni kuwa addu'a nake kada ya ce "eh".

Ya ce, "Mefiri ha." Wato daga nan nake. Ya buga ƙasa da ƙafa. Sai kuma ya ƙara da Hausa cewa yana jin yunwa.

Ba wanda ya yi dariya sai jami'in. Tsohon ladan ya gyara zama ya ce shi ya ci tuwon sunan wannan mutumin, a layin bayan masallaci. Mai unguwa ya dubi waɗanda suka sunkuyar da kai ya ce, "Namu ne. Ya zauna inda kowa ke zaune." Aka matsa masa a tabarma, amma ba sosai ba.

Kafin babbar sallah Alhaji mai goro ya aiko a kira shi, don leburorinsa da yawa sun tafi, ba mai ɗaga huhu. Ya koma aiki, sai dai da ya matso ake canza hira. Ƙanen matar mai gidanmu ya tare a ɗakin mahauci. Ɗan sandan bai fasa zuwa sayen ƙosai ba, Mma na zuba masa ba ta ɗaga kai. Ba mu sake jin labarin mahauci ba, kuma har yau ban san wanda ya nuna ɗakin nan ba.

Ranar layya matar mai gida ta aiko da soyayyen nama a faranti, wai na Yaya ne shi kaɗai. Mma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka. Da 'yar aiken ta juya sai ta rufe farantin ta ɗora a saman kabad, inda ba ma taɓawa, don ba ta yarda da naman ba. Yaya ya yi ta naci, ta ce ya bari sai gobe. Washegari da ni da Yaya muka duba, faranti wankakke muka tarar.