Ƙarfen da Ba Ya Cin Igiya

Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamar saita ƙafar motar nan a ƙofar gida ba. Na yi dako, na yi noman ƙodago, na tuƙa mota a hanyar da ba kwalta, amma babu wanda ya bar ni da ciwon baya da ɓacin rai irin wannan. Sau huɗu na yi shi cikin wata ɗaya, ina kwance a ƙasa tsatsa na zubo mini a ido.

Motar ba tawa ba ce. Kitika ce, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, ta wani ɗan kasuwa a Kano. Ya ba ni tuƙinta, ina ajiye ta a gidana a Wudil ina yi masa jigila. Shekarun nan ne da gyada ke tashe, kafin Turawa su tafi. Taya a lokacin ba abin da za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba ne, sai an faɗa wa kanti a yi ta jira. Damina ba ta ƙare ba na cinye tayoyin gaba duka biyu. Gefensu na waje ya suɗe har zare ya fito, tsakiya kuwa da sauranta. Na kai wa maigidan nawa. Ya daɗe yana shafa gefen da ɗan yatsa bai dube ni ba. Ya tambaya ko ina ba wani motar yana koyon tuƙi. Na ce a'a. Ya tambaya ko waɗannan ɗin su ne tayoyin da ya ba ni tun farko. Wannan ta yi mini zafi, amma na haɗiye. Ya sa aka fito da sababbi biyu daga ɗakin ajiya, ya ce su ke nan, babu wasu.

"In waɗannan ba su kai ka kaka ba, ka kawo mini makulli."

Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ba ni da gona. Makullin nan shi ne abincinmu.

Kafin in baro Kano na biya wurin wani tsohon makaniki da ya yi tuƙi a soja. Ya ce tayar ba ta da laifi, ƙafafun ne ba sa tafiya a saiti, suna jan ƙasa maimakon su mirgina. Ya ce in bar masa motar kwana ɗaya. Ban bari ba. Na san makanikai, ka juya baya su zare maka ƙarfe mai kyau su maye da tsoho. Na ce ya faɗa mini yadda ake yi kawai. Ya yi dariya, ya faɗa. Ka sami wuri mai daidai. Ka sa alamar alli a tsakiyar kowace taya ta gaba, ka auna tsakaninsu da miƙaƙƙiyar gora. Ka tura motar har alamun su juyo baya, ka sake aunawa. Gaba ya kamata ya fi baya tsukewa da kaurin tsinken ashana biyu, ba fiye ba. In bai yi ba, akwai sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafafun biyu, ka kwance notin bakinta ka murɗa ta har awo ya zauna.

A baki abu ne mai sauƙi.

Wurin da nake ajiye motar daidai yake, don ni na gyara shi. Da can akwai wani kututturen marke a ƙofar gidan, na haƙe shi na cike ramin saboda motar ta sami shiga. Ran Litinin na shimfiɗa buhu na kwanta. A motar nan sandar ta gaba take, ƙasa-ƙasa, kana durƙusawa za ka gan ta. Ina dubawa na ga ta ɗan lanƙwasa, cikinta ya turo waje. Na ce ramin hanya ne. Notin ya ƙi motsi, na zuba masa kananzir, na jira, na buga, sifana ta kuɓuce ta ɓare mini bayan hannu. Sai azahar na cire ta. Na kai wa maƙeri ya miƙar da ita a kan uwar maƙera.

Awo yana son mutum biyu, ɗaya ya riƙe kan gora a wancan gefen. Wanda ya riƙe mini maƙwabcina ne, mai jakai. Katangarmu ɗaya. Jakai shida gare shi, kuma kafin motar nan ta zo shi ke kwaso kayan mutanen Indabo zuwa kasuwar Juma'a. Da na zo, rabin masu kayansa suka dawo wurina. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa ban saki jiki da shi ba. Yana riƙe da gorar yana tsokana. Ya ce shi jakinsa tun da aka haife shi ba a taɓa saita masa ƙafa ba. Ya ce in ta ƙi, in zo ya ara mini mangala. Na yi yaƙe na ci gaba da murɗa.

Talata da Laraba motar ta tafi ɗoɗar. A kan gada na saki sitiyari don in gani, ba ta karkace ba. Na ce an gama.

Ran Juma'a da safe na ɗora kaya, ina hawa titi na ji ba daidai ba. Sitiyari ya karkace, gaban motar yana wani shuu a kan tsakuwa. Kaya na bayana, masu kaya na kai, ba halin tsayawa. Da na sauke su na taɓa gefen taya, zafi rau, kuma ya yi kaushi kamar haƙorin zarto. Sabuwar taya, wuni ɗaya.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne mai jakai ya karkatar da gorar da gangan. Na durƙusa na leƙa. Sandar ta sake lanƙwasa, wuri ɗaya da na farko. Ni kuwa na san ban faɗa rami ba. Rami in ya buge ƙarfe ciki yake tura shi. Wannan waje aka jawo shi. Hannu ne.

Gyara na biyu ni kaɗai na yi. Na tokare kan gorar da dutse, in zagaya in duba, in dawo in tarar ta zame. Tura motar ma ni kaɗai, da kafaɗa, in ruga in sa dutse kada ta wuce. Mai jakai ya leƙo ya ce ko a kama mini. Na ce na gode, ban ɗago ba. Ya koma.

Na zauna na lissafa ranakun. Tun daga Juma'a har Laraba ina ƙofar gida da yamma, motar na gabana. Alhamis ce kaɗai ba na zama. Dalili kuwa surukina, mahaifin matata. Tsoho ne mutumin Kausani, yana kai shanun mutanen ƙauyensu kasuwa. Kusan kowace Alhamis yakan iso da yamma ya kwana a zaurena, da asuba ya wuce kara, wato kasuwar shanu. Mu a yadda muka tashi, mutum ba ya zama inda surukinsa yake. Ba ka ci a gabansa, ba ka miƙe ƙafa, ba ka ɗaga murya. Saboda haka da la'asar ta yi nake barin unguwar. Sai bayan magariba in zo cikin duhu, ba na ko duban wajen motar, in durƙusa daga bakin zaure in gaishe shi, kaina a ƙasa, in shige. Duk unguwa an san haka. Mai jakai ya fi kowa sani.

Juma'a ta biyu, kafin in tayar da mota na leƙa. Ta lanƙwasa. Kuma a jikinta ga wani guntun igiyar rama an ƙulle shi tam, an yanke sauran. Na daɗe ina kallonsa ban taɓa ba. Ni ba malami ba ne, karatuna bai wuce na salla ba, amma na san ba a ƙulla igiya a jikin abin mutum don alheri. Na sa tsinke na kwance shi, na naɗe a tsumma. Ranar a hankali na tuƙa, kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka tayar ta ƙara ci.

Daga ranar na daina gaida mai jakai. A masallaci in ya tsaya dama in koma hagu. Na fara lura da abubuwan da da ban kula ba. Igiyar jakansa ta rama ce. In na fito yakan yi shiru da hira. Ran nan na ga yana kallon motar yana murmushi. Na faɗa wa matata. Ta ce ita ba ta ga komai ba tunda ba fita take ba, amma rabin Wudil da igiyar rama suke ɗaure dabba. Na ce ta yi shiru, ba ta san mutane ba.

Na gyara na uku. Maƙeri ya ce ƙarfe in ana yawan lanƙwasa shi ana miƙarwa, wata rana karyewa zai yi, kuma a kan hanya. Na yanke shawarar kai guntun igiyar gaban mai unguwa. Amma na san abin da zai tambaya: ka gani da idonka? Sai na ce to, bari in gani.

Alhamis bayan la'asar na yi kamar zan fita yadda na saba. Na zaga ta bayan masallaci na dawo, na shige gidan gaba na motar na kwanta a kan kujera, na rufe ƙofa a hankali. Babbar sifana na hannuna. Zafi kamar tanda, gumi har cikin kunne. Ina jin shanu na wucewa garke-garke zuwa bakin kogi, ina jin jakan maƙwabcina. Na yi kusan sa'a guda haka.

Can na ji takun mutum ya tsaya a gaban motar. Na ji numfashi, na ji gwiwa ta taɓa ƙasa. Na ji ana goga wani abu a jikin ƙarfe. Sai motar ta yi wata irin girgiza, sitiyari ya juya da kansa a saman kaina.

Na banke ƙofa na diro.

"Yau dai na kama ka!"

Surukina ne. Yana durƙushe, hularsa ta ɗan goge da ƙasan motar, hannunsa a kan ƙulli. A ɗaya bakin igiyar ga wani jan bijimi mai tozo, ya ja da baya ya kafe ƙafafu, igiya ta miƙe kamar tsirkiya.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Na tura sifanar bayana na zauna a kanta. Na ce Baba sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen gida, ya gajiya. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai gaggauta ba. Sannan ya tambaya wa na kama. Na ce ɓera ne ya dame ni a cikin mota. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ɓera mugun abu ne.

Ya dafa motar ya miƙe. Ya ce tun da aka cire kututturen nan ya rasa inda zai ɗaure dabba. Ya gwada ƙarfen gaba mai faɗi, bakinsa ya yanke masa igiya. Sai ya leƙa ya sami wannan.

"Wannan kuwa, malam direba, ƙarfe ne na kirki. Sumul yake, ba ya cin igiya. Wancan makon ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa wuƙa."

Na ce haka ne, Baba. Na ce ko a kai bijimin bayan gida, akwai inuwa. Ya ce a'a, kada in wahalar da kaina, nan ma ya isa, daga zaure yana hango shi. Ya shige ya bar ni a tsugune. Ba a ce wa suruki kwance dabbarka. Bijimin ya sake fizga, na ji ƙarfen ya amsa.

Da na ɗaga kai, mai jakai na zaune a ƙofar gidansa yana gyaran akumari. Ya ga komai. Bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari tsohon ya kwance bijiminsa bayan sallar asuba ya wuce kara. Masu kaya suka zo, na ce yau mota ba ta fita, Juma'a ce ko ba Juma'a ba. Na shafa tayoyin. Gefen ya ci, amma zare bai fito ba, in ba a ƙara ba za su kai kaka. Na jefa tsumman nan da igiyarsa a murhu. Sannan na tsaya a ƙofar mai jakai na yi sallama, na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar jakai. Na ce aron dagi na zo. Ya shiga ya ɗauko, ya haɗo da wani gungumen ƙirya da ya ajiye don turke.

Na tambaye shi ko ya daɗe da sani. Ya ce tun makon farko.

"Direba, wa zai kawo maka ƙarar surukinka? Kuma ai ba ka gaishe ni, ta ina zan fara?"

Makon farko ina gaishe shi. Na lura da wannan, har yau ina lura. Na haƙa rami kamu biyu a gefen zaure, nesa da motar, na kafa turken na daddaɓe shi da duwatsu. Na goge bakinsa da wuƙa har ya yi sumul. Daga nan na shimfiɗa buhuna, na ɗauko kananzir da alli, na miƙa wa mai jakai kan gora na ce ya riƙe daidai.