Malam Inuwa da Sulallan da Ya Hana Wuta

Kullum da safe Malam Inuwa maƙerin azurfa yakan buɗe shagon kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a kan zama da aiki, a unguwar Al-Oud ta Riyadh, ya hura wuta, ya zube tsofaffin kayan adon da matan ƙauye suka kawo a narkar. Kafin komai ya shiga wuta sai ya tona shi da ɗan yatsa. Sulallan Holan yake nema, masu hoton zaki, waɗanda fatake suka shigo da su ƙasar Larabawa shekaru ɗari uku baya. In ya samu ɗaya, sai ya nemi yardar mai shi, ya auna, ya musanya da azurfar da ya saya da guminsa. Shekara da shekaru yana haka, mu abokansa kuwa muna tsokanarsa wai mutumin Damagaram ya zo Riyadh kiwon zakuna.

A 1986 kafilin ya karɓi aikin mundayen biki, azurfa ta yanke. Ya ce ko Inuwa ya juye gwangwanin sulallansa a wuta, ko ya manta da sabunta iƙama, takardar izinin zamansa a ƙasar. Rabi'atu, ma'aikaciyar jinya da ta kai gyaran zobe, tana tsaye a wurin. Ta ce Inuwa ya dubi kafilin ya ce:

"Maigida, munduwa ko gobe na ƙera wata. Wanda ya buga waɗannan kuwa ya daɗe a ƙasa. Ka ba ni zuwa gobe."

Da matarsa Delou ta ji, sai ta tuɓe mundayen aurenta, waɗanda shi ya ƙera mata, ta miƙa masa. Su ya narkar, da hannunsa.

Bana idon Malam Inuwa ya gaza, ya ajiye guduma, ya damƙa sulallan ga wani malamin tarihi don ɗalibai su gani. Malam Inuwa, kai ne maƙerin da ya san abin da ba a kai wa wuta. Na yi maka dariya, yau ina jin kunya. Mun gode, Allah ya saka. Duk wanda tsohon abu ya faɗo hannunsa, ya tsaya ya duba kafin ya lalata.

Ke ma Delou mun gode. Na tambaye ta ko tana kewar mundayen, ta ce sosai ma, kullum.