Goron da Mainasara Bai Ci Ba

Mainasara ladan ne a wani ƙaramin masallaci da ke bayan kasuwar Wurno, kuma ba gadon ladanci ya yi ba. Manomin albasa ne daga wani ƙauye na ƙasar Rabah. Murya ce Allah ya ba shi, irin wadda in ta tashi da la'asar sai mata su tsaya da taɓarya a hannu. Da ita ya samu wurin zama cikin mutanen da kakanninsu suka yi limanci da alƙalanci. Ba shi da gida nasa a garin, ba shi da dangi. In ka cire kiran salla, Mainasara ɗan gudun hijira ne kawai.

Abin da Wurno ba ta sani ba shi ne yadda ya baro gida. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu suka kashe ƙanensa a kan idonsa, kansa ya juye. Ya daina barci, yana jin ana kiran sunansa daga cikin rumbu. Matarsa Kulu ta ɗauke shi zuwa wani asibiti a Sakkwato, aka ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya, ya dawo garau. Da suka sauka Wurno sai suka rufe maganar ruf, don ko yaro ya san malamai sun ce kiran sallar mahaukaci bai inganta ba, kuma mutane ba sa bambanta wanda ya warke da wanda ke jifa a kasuwa.

Shekaru ya yi yana shan ƙwayar nan. Ga hanya ta lalace da ɓarayi, ga noma, sai ya riƙa kai wa mai kemis kwalin da ya ƙare yana karɓo sabo. Daga wanda ya rubuta har wanda ke sayarwa, babu mahalukin da ya taɓa buɗe baki ya ce masa, bawan Allah, maganin nan yana da wani hali in an daɗe a kansa. Ko ɗaya! Kowa miƙa masa yake yi kamar gishiri.

Kulu ce ta fara lura. Suna zaune a tsakar gida ta ce, "Malam, mi kake tauna?"

"Ni? Ba ni taunar komi."

Amma bakin yana tafiya. Muƙamuƙi ya juya hagu, ya juya dama, leɓe ya tsotso, wani lokaci harshe ya leƙo waje ya koma, duk ba da izninsa ba. In ya kama kiran salla sai abin ya lafa, muryar ta fita tas. Yana yin shiru kuma ya dawo.

Suka koma asibitin. Likitan da suka tarar ya dube shi ya ce ai ƙwayar ce, sananniyar illarta ce. Ya ce za a sauya masa wata a hankali, kada ya kuskura ya daina sha kwatsam, ciwon farko zai iya dawowa. Bakin kuwa wataƙila ya ragu, wataƙila ya zauna haka.

"Sananniya?" in ji Mainasara. "To mi yas sa ba a hwaɗa min ba tun hwarko?"

Likitan ya ce ya yi haƙuri, ya kira na gaba.

Sai azumi ya kama, cikin zafin bazara wanda ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙona hannu. Mainasara yana zaune a sahun farko bayan azahar, maƙogwaronsa kamar an share da tsintsiya, bakinsa kuwa yana ta aikinsa. Yanzu fa a ƙasar nan, in ka ga dattijo yana juya muƙamuƙi haka, me yake ci in ba goro ba? Wani ya taɓa wani. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa: ladan yana cin goro da rana tsaka, cikin masallaci, ko kunyar Allah babu. Har aka samu wanda ya rantse ya ga jan goron a haƙoransa. Mutumin da rabonsa da goro tun yana ƙauye!

Alhaji Halliru, shugaban kwamitin masallacin, ya tara dattawa a zaurensa, aka kira Mainasara. Kulu ta biyo shi ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam Mainasara," in ji Halliru, "mun ɗauke ka ɗan gida. Mi ad da kai da za ka kunyata mu hakanga?"

"Alhaji, wallahi azumi nikai."

"To ga shi yanzu ma kana tauna gabanmu. Buɗe mu gani."

Dattijo mai furfura, aka sa shi wangame baki kamar ragon da ake dubawa a kasuwa. Ya buɗe. Babu komai ciki sai bushewa. Ya rufe, kuma a daidai nan harshen ya zaro kansa waje, a fuskar Alhaji Halliru.

Zauren ya ɗauki salati.

"Gwalo? Ni kaka yi ma gwalo cikin gidana?"

Mainasara ya san kalma ɗaya za ta wanke shi, ya kuma san ita ce za ta raba shi da lasifika. Ko ya zama mai karya azumi, ko ya zama mahaukaci. Ya zaɓi ya yi shiru. Kulu ce ta kasa.

"Alhaji, ku ji tsoron Allah!" ta faɗa daga ƙofa. "Magani na yas sa mashi haka. Maganin ƙwaƙwalwa shika sha tun da aka kashe ƙanenai. Ya warke, lahiya lau shike. Shekara nawa shina kiran salla, wa yat taɓa jin ya yi kure?"

Nan da nan fuskoki suka yi laushi. Allah sarki, Allah sarki. Halliru ya kama hannunsa ya nemi gafara har da ƙwalla. Sannan cikin murya mai taushi, irin wadda ake lallashin yaro da ita, ya ce ai lalura ba ta son wahala, Malam ya je gida ya huta, Sa'adu, ɗan wan shi Alhajin, zai riƙe kiran kafin a gani. Kowa ya ce haka ya dace. Ba wanda ya tambayi Mainasara ko ya gaji. Da zaginsa suka ci gaba da yi, da ya fi masa sauƙi, don zagi ana iya mayar da shi.

Kashegari da hantsi yana zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar buhunan albasa, sai ga Hajiya Asabe, matar Halliru, ta taho da kanta, lulluɓe, da ƙwarya a hannu. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ɗaga faifan. Fura ce da nono, an dama da ƙanƙara, sanyinta har yana tsatsafowa ta jikin ƙwaryar.

"Hajiya, ai rana ba ta hwaɗi ba. Azumi nikai."

Ta dubi bakinsa da ke juyawa, ta girgiza kai cike da tausayi.

"Sha abinka, Malam," ta ce. "Kak ka wahal da kanka. Allah bai ɗora ma irinku azumi ba."