Malam Gaji da Taku Goma Sha Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2001, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Gaji, tsohon shugaban kwamitin ruwa na ƙauyenmu Unguwar Marke, a ƙasar Taura. Amai da gudawa ne ajalinsa. Kwana biyu kacal ya yi a kwance.

Malam, na ce tsohon shugaba, domin sai da muka tsige ka kafin ka rasu. Gara a faɗa yanzu, tun masu zaman makoki ba su gama wanke kansu ba.

Shekara tara kana riƙe da rijiyar garin nan. Kai ka tara mu muka yi aikin gayya, aka ɗaure bakinta da siminti. Kai ka kafa dokar guga ɗaya: kowa ya bar nasa a gida, a ja da na rijiya, a mayar da shi kan gwafa, kada ya taɓa ƙasa. Mata suka yi ta mita, kai kuwa ka riƙa ja wa tsofaffi da masu ciki da hannunka har igiya ta ci maka tafi.

Da Alhaji Sale, attajirin garin, ya haƙa salga a bayan sabon gidansa, ka auna da ƙafarka daga bakinta zuwa rijiya. Ka same shi a zaure, ka durƙusa ka ce, "Alhaji, taku goma sha ɗaya ne. Malam Jang, duba-garin da ya zo daga Dutse, ya ce sai talatin. Damina na faɗuwa salgar za ta tsattsafo mana cikin rijiya."

Ya ce, "Malam Gaji, a gidana na haƙa ko a naka?"

Daga nan gari ya juya maka baya. Aka ce hassada ce. Aka ce ka fifita maganar wanda ba ya salla a kan ta mutumin da ya rufa mana masallaci da kwano. Mutanen da suka cika mota bara suka tafi yin kabbara don shari'a ta zo, su ne suka kasa tuna haƙƙin maƙwabci a ƙofar gidansu. A gindin marke aka tsige ka. Ni Muntaka, sakatarenka, ina zaune a wurin, ban ce uffan ba. Ina jin kunyar wannan shirun, kuma ba na neman kowa ya rarrashe ni.

Ruwa ya sauka, cuta ta biyo baya, muka binne mutum bakwai cikin mako biyu. Ba ka taɓa cewa ai ka faɗa ba. Ka bi gida gida kana tafasa ruwa, kana haɗa na gishiri da sukari, har gidan Alhajin ka shiga ka yi jinyar jikarsa ta tashi. Kai ne na takwas.

Ranar jana'izarka, Malam, da amalanke aka ɗauko ruwan wankanka daga wani gari. Waɗanda suka rantse cewa rijiyar lafiyarta ƙalau, babu wanda ya yarda ya sa hannu a ruwanta. Ga su nan yau a kan tabarma, sahun gaba, suna cewa ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma salgar nan mutum ne ya haƙa ta, kuma har yau ba a cike ta ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Luba da 'ya'yanka Adawiyya da Muhyiddeen, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku ne kuka yi rashi, mu kuwa mu muka jawo shi. Allah Ya yi mana hisabi da sauƙi, domin mun san abin da za a tambaye mu.